Firijin Gareji Ya Rasu Yana Jiran Alƙalai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gida da ya yi tsit, ni Shekari Yohanna na McLeansville, gabas da Greensboro, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar firijin garejina. Ya rasu a wani lokaci tsakanin Litinin 6 da Alhamis 9 ga Agusta, 2007. Ba zan iya faɗin ranar ba, domin babu kowa a kansa lokacin da ya cika.

Ba mu san shekarunsa na haihuwa ba. Da tsufansa ya shigo gidanmu a 1999, ranar da matata, marigayiya Assibi, ta hango shi a ƙofar wani gida a Pleasant Garden an fito da shi tare da tsofaffin kujeru don sayarwa. Launinsa kore ne irin na ɗanyen mangwaro, ƙafarsa ɗaya gajera, sai da muka sa masa guntun katako ya tsaya daidai. Na ce ba mu da bukatarsa. Assibi ta ce ita tana da.

Assibi 'yar mai burukutu ce, jikar mai burukutu, daga wani ƙauye kusa da Kafanchan. A nan Amurka aikin kula da tsofaffi take yi, amma sau uku ko huɗu a shekara takan jiƙa dawa har ta tsira, ta shanya ta a kan zani a bayan gida, ta dafa a babbar tukunya. Tana da wata kwalba da take ajiye ragowar tsohuwar giya don ta tayar da sabuwa. Uwa take kiranta. Wannan kwalba ita aka saya wa firiji, kuma shekara takwas ya riƙe amanarta a bene na sama, gefen hagu.

Marigayi mai haƙuri ne, ba ya raina kaya. Ya ajiye kifi busasshe, ya ajiye maganin Assibi a watanninta na ƙarshe, ya ajiye tuwon da matan coci suka yi ta kawowa bayan jana'izarta a 2004, har suka daina. Maganarsa ba ta da yawa. Yakan ce "hmmmm" na kamar minti ashirin, sai ya ce "kak", ya girgiza jiki, kwalabe su ce "kilin-kilin", ya yi shiru. Daga kicin ina jinsa ta bango. Ranar Lahadi bayan coci, idan na zauna cin abinci, shi kaɗai ke magana a gidan.

Bayan Assibi, na kasa zubar da uwa, uwa kuma ba ta rayuwa sai ana ba ta aiki. Haka na fara dafawa da kaina, ina tuna yadda hannunta yake yi. Wani bature mai suna Eli, da muke tuƙa motar ɗaga kaya tare a sito, shi ya koya mini yadda ake rufe giya a kwalba ta daɗe a sanyi, domin burukutu a gida ba ta kwana biyu. Shi ne kuma ya ɗanɗana dahuwar watan Fabrairu, ya ajiye kofi, ya ce lallai in shiga gasar masu dafa giya a gida da ƙungiyarsu take shiryawa.

Ka'idar gasar zagaye biyu ce. Ka aika kwalba biyu, alƙalai su ɗanɗana, su rubuta maki da ra'ayinsu a takarda su aiko maka ta gidan waya. Idan ka haye, sai ka aika wasu uku daga dahuwa ɗaya don zagayen ƙarshe. Na aika biyu a watan Afrilu. Ukun da suka rage na jera su kusa da uwa, na ce wa marigayi ya riƙe mini su mako biyu.

An sa ranar alƙalanci 28 ga Afrilu. Ranar ta zo, alƙalai ba su cika ba, aka ɗaga. A watan Mayu suka zauna, amma da suka iso kan tawa sai suka rasa rukunin da za su sa ta, domin babu gurbin giyar dawa mai tsami a jerinsu. Aka ajiye ta gefe sai an tambayi manya. A watan Yuni mutumin da takardun maki suke hannunsa ya tashi daga gidansa, takardun suna cikin wani kwali da bai san wanne ba. Duk wannan daga bakin Eli na ji, shi ma yana faɗa yana kallon ƙasa. Ni dai babu wanda ya rubuto mini.

Kullum na dawo aiki nakan tsayar da mota a bakin titi, in buɗe akwatin wasiƙa, in kwashe takardun talla. Daga nan in shiga gareji, in buɗe marigayi, fitilarsa ta kama, in ƙirga uku, in rufe. Ba don kyauta nake jira ba. Ina so ne wani wanda bai san ni ba, bai san ta ba, ba shi da dalilin tausaya mini, ya sha abin Assibi ya faɗi gaskiya.

Ciwon ajalin marigayi ya fara a watan Yuli. "Hmmmm" ɗinsa ya ƙara tsawo, "kak" ya fara zuwa da tari. Na ga ruwa a ƙarƙashinsa sau biyu. Maƙwabcina Malam Zabeirou, mutumin Maraɗi mai gyaran motoci, ya kara kunne ya ce, "Malam Shekari, firigon nan ya gaji. Ka kwashe kayanka ka kai na kicin." Na ce na kicin ƙarami ne, kuma sakamako na nan tafe cikin makon. Gaskiyar magana, ban so in motsa uwa daga inda Assibi ta ajiye ta ba. Wannan laifi nawa ne, kuma ina so a rubuta shi a nan.

Ranar Litinin 6 ga Agusta na tafi Atlanta taya 'yata Jimmai komawa sabon gida. A makon ne aka yi zafin da kowa ya sani. Da na dawo ranar Alhamis da la'asar, tun kafin ƙofar gareji ta gama ɗagawa na ji warin tsami. Na tsaya ina sauraro, ban ji komai ba. Na buɗe shi, fitila ba ta kama ba. Cikinsa da ɗumi kamar tanda. Kwalabe ukun sun fashe, giyar ta gangaro ta bushe a siminti. Uwa ta yi baƙi, fumfuna ta rufe ta.

Na kira Jimmai. Ta ce mini da Turanci firiji ne kawai, za ta aiko da sabo. Da na ce mata kwalbar mamanta na ciki, sai ta ce za ta sake kira.

Wasiƙar masu gasar ta iso ranar Litinin 13 ga wata. Suna neman afuwa saboda jinkiri. Sun ce na haye, in aiko da kwalba uku cikin kwana goma. Alƙali na farko ya rubuta cewa giyar ba ta da haske kuma tsaminta ya yi yawa. Na biyu ya ba ta maki mai kyau, ya ce bai taɓa shan irinta ba, yana ɗokin zagaye na biyu. A ƙasan takardar ya ƙara da fensir: "Wa ya koya maka wannan?"

Na karanta a tsaye a bakin titi. Jiya na ba su amsa. Na ce babu kwalba uku, kuma ba za a sake samun irinsu ba. Na rubuta wa alƙali na biyu cikakken sunan Assibi da sunan ƙauyensu, harafi-harafi, don kada ya yi kuskure.

Marigayi ya bar ni, ya bar babbar tukunya, da buhun dawa rabi, da kwalabe arba'in wankakku da babu abin zuba musu.

Malam Zabeirou ya zo gaisuwa ranar Juma'a bayan ya sauko daga masallaci. Bai taɓa taɓa kwalbata ba, ban kuma taɓa miƙa masa ba. Ya tsaya a bakin gareji ya ce, "Abin da ke ciki ba nawa ba ne, amma na san na Madam ne. Allah ya ba ka haƙuri." Sannan ya tambaye ni inda tsintsiya take.

Za a yi jana'iza ranar Asabar 18 ga Agusta da ƙarfe goma na safe. Za a cire masa ƙofa kafin a ɗauke shi, kada wani yaro ya shiga ya rufe kansa. Malam Zabeirou zai kawo a-kori-kurarsa, Eli zai kama gefe ɗaya, mu kai shi inda ake karɓar tsofaffin na'urori. Uwa ba za ta bi shi ba, zan binne ta a bayan gida.

Za a yi zaman makoki a nan gidan daga azahar. Akwai lemo ga kowa, sai dai a yi haƙuri, ba duka ne zai yi sanyi ba. Ba sai an kira waya kafin a zo ba. Ina gida.