Ɗankwalin da Iska Ta Ɗauke

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuƙa Malam Sule zuwa Rogo ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba.

Lokacin bai daɗe ba da maigidana ya yaye ni a garejinmu na Karaye. Kaina ya yi girma har hula ba ta zama, don yaran unguwa sun fara kirana Injiniya. Ina son Balaraba, 'yar Malam Sule na Tudun Kaya, ita ma tana sona, amma a gidansu babu wanda ya sani. Ta faɗa min babanta ya sha cewa ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai riƙe sana'arsa da kyau ba. Wata ranar kasuwa ta kawo min dambu a kwano, ta ɗaure shi da ɗankwalinta mai ruwan ɗorawa. Na mayar da kwano, na riƙe ɗankwali. A aljihuna yake yini (kada ka yi min dariya, kai ma ka san abin da ka taɓa ajiyewa).

Sai ga Malam Sule ya kawo tsohuwar motarsa a yi mata juyen baƙin mai, wai gobe za su suna Rogo shi da matarsa Hajiya. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na yi juye, na ƙara iskar taya, sannan don neman suna na ce sai na wanke inji, aikin da babu wanda ya sa ni. Kafin a watsa wa inji ruwa ana toshe bakin hanyar iska don kada ruwa ya shiga. Tsummokaranmu duk sun jiƙe da baƙin mai, sai na toshe da abin da hannuna ya fara kaiwa. Inji ya fito fes. Har na roƙi Malam ya bar ni in tuƙa su, ya ce to.

Da safe na laluba aljihu babu ɗankwali. Raina ya ɓaci, amma sauri nake, na ce in na dawo na neme shi.

Cikin gari lafiya lau, don a hankali nake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka hau hanyar Rogo na taka totur, sai mota ta fara tari. In taka, ta yi gurnani ta ƙi gaba. Jijjiga har haƙoran mutum na haɗuwa, ga baƙin hayaƙi a baya. A wani ɗan hawa mai babur ɗauke da buhun gyaɗa biyu ya wuce mu, har da ɗago hannu yana cewa, "Sannunku da hanya."

Malam ya ce, "Injiniya, jiya da na kawo ta ba haka take ba."

Tsoro na ji na gaske, don Balaraba nake gani tana nisa. Amma bakina bai mutu ba. Na faka ƙarƙashin wata bishiya dab da shiga Rogo, na buɗe bonet, mutane suka fara taruwa. Ni kuwa in na ga taro sai baki ya buɗe.

"Baba," na ce, "inji abu uku yake ci: wuta, mai, da iska. Ɗaya ya gaza, ƙarfi ya tafi."

Maigidana kullum cewa yake a fara da mai sauƙi, wato iska. Ni na ga ɗaga murfin filta ba zai burge kowa ba, sai na fara da wuta. Na kwance filogi, na tarar sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Wannan alama ce ta mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ko jiya aka kawo ka gareji ka san haka. Ni dai na goge su na mayar, na ce wuta lafiya. Na koma kan mai. Na kasa kunne na ji famfon mai yana kukansa daidai, na zare tiyo na shinshina (har yau ban san abin da nake shinshinawa ba). Na tambayi Malam ko a bakin hanya ya sayi mai wurin 'yan bumburutu. Ya ce shi bai taɓa ba. Wani dattijo a taron ya ce ko sammu ne, na yi masa murmushin masana.

Da komai ya ƙare na buɗe gidan filta. Can cikin maƙogwaron tiyo na hango tsumma, inji ya zuƙe shi ya cushe hanya. Daɗi ya kama ni. Na juyo na fuskanci jama'a.

"Ga ɓarawon nan. Inji ba ya numfashi. Baba, duk wanda ya cusa wannan ba bakanike ba ne, jaki ne. Da yaronmu ne sai ya sha bulala."

Na sa filaya na jawo. Yana fitowa yana tsawo, yana fitowa yana ƙara zama ruwan ɗorawa. Kafin ya gama fita na gane shi, amma hannu ya riga ya ɗaga shi sama kowa na gani.

Hajiya ta leƙo ta taga. "Miƙo nan." Ta juya shi, ta duba bakin ɗinkin. "Malam, ai ɗankwalin Balaraba ne. Wanda ta ce iska ta ɗauke a shanya."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har da filayar. Gumi ya wanke ni.

Malam Sule ya dubi ɗankwali, ya dubi tiyo, ya dube ni. Sannan ya ce, "To, ba ta yi ƙarya ba, Hajiya. Ga shi a hanyar iska muka same shi."

Taro ya fashe da dariya, har dattijon sammu sai da ya zauna a ƙasa. Na mayar da murfi, na tayar da mota. Murya ɗaya ta tashi, sumul. Muka shiga Rogo, ni kuwa na riga na yi wa Balaraba sallama a zuciyata.

Da zai sauka, Malam ya dafa ƙofa ya ce, "Ka gano ciwon, wannan na yaba. Bulalar jakin kuma na yafe masa. Amma gidana ba ta hanyar iska ake shiga ba, ƙofa gare shi. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tun daga ranar, in mota ta rasa ƙarfi da iska nake farawa, kuma ba na zagin mai laifi sai na ga launin tsumma. Ɗankwalin yana nan, tabon mai bai fita ba. Har yau in sifana ta ɓace na fara faɗa da yaran gareji, in na dawo gida ina mita, Balaraba ko ɗago kai ba ta yi, sai ta ce, "Injiniya, ka duba hanyar iska?"