Rasuwar Fankar Baiwa, Wadda Ta Mutu Tana Yi Wa Kwamfuta Fifita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da zufa, Baiwa ɗiyar Malam Sama'ila Tamba na unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar fankarta mai caji, wadda ta cika ranar Laraba da rana tsaka, tana bakin aiki.

Marigayiya ta shigo gidan ne a hannun Gwaggo Laure, kyautar saukar karatun Baiwa. Fara ce, gajeruwa, ba ta da hayaniya. Ta busar da lallen salla, ta huce wa Inna kunu, ta kori sauron fadama ba tare da ta zagi kowa ba. Babban halinta shi ne adalci. Takan juya wuya ta gaida na dama, ta dawo ta gaida na hagu, tana cewa “firrr, ƙas, firrr, ƙas.” Ko baƙon da ba a so, in ya zauna, sai ta ba shi rabonsa.

Ajalinta ya biyo ta hannun Yaya Abdulmuhaimin, wan Baiwa, wanda ke shekarar ƙarshe a makaranta yana koyon katun na kwamfuta. An ba shi shekara guda ya haɗa ɗan gajeren fim na kammala karatu, ya zaɓi labarin wani masunci na Argungu da giwan ruwa. Da damina ya ce yana tunani. Da kaka ya tafi Matan Fada, bakin kogin Argungu, kallon yadda masunta ke riƙe gora da homa, wato ragar kamun kifi, ya dawo da ƙiba da warin kifi. Lokacin sanyi kuwa gaba ɗaya a kan gashin bakin masuncin ya ƙare, yana gogewa yana sakewa, wai bai yi kama da na Bakabe ba. Duk sa'ad da Inna ta tambaye shi aiki, sai ya ce ta kwantar da hankalinta, ya gama lissafinsa.

Lissafin nan shi ya ci marigayiya. Akwai wani aiki na ƙarshe da suke kira renda, wato a bar kwamfuta ta dafa zanen, hoto bayan hoto, har mutum ya yi motsi. Yaya ya gwada saurin dahuwar ne a watan sanyi, ya ce mako guda ya isa, ya ajiye ta sai ƙarshe. Ya manta ƙarshen nan a bazara zai faɗo, kamar ba a Kebbi aka haife shi ba. Da ya kunna, kwamfuta ta ɗauki zafi kamar tanda, ta riƙa suma tana farfaɗowa.

Sai ya zo aron fanka, na yini ɗaya in ji shi. Baiwa ba ta iya musu da na gaba da ita ba, ta dubi ƙasa ta ce to. Bai tsaya nan ba. Da ya ga marigayiya tana juyawa tana gaida bango, sai ya ce ɓata iska take yi, ya samo igiyar buhun albasa ya ɗaure mata wuya, ta fuskanci kwamfuta ita kaɗai. Ta yi ta ƙoƙarin waiwaye, igiya na hana ta. Muryarta ta koma “ƙas, ƙas, ƙas.” Ranar Laraba ta yi wani “gurrr” mai tsawo, ɗaki ya ɗauki ƙauri kamar an bar shinkafa a wuta, ta yi shiru.

An garzaya da ita a kan babur wajen Arzika mai gyara. Bai ko kwance ta ba. Ya shinshina, ya tambayi wane marar imani ne ya ɗaure ta. Yaya ya ce shi ma yana bincike.

Ta rasu ta bar cajarta, da kwalinta da Inna ke ajiyar kuka a ciki, da kwamfutar da ta yi jinya, wadda ko ta'aziyya ba ta yi ba. Ta bar kuma masuncin Argungu tsaye a ruwa, ya ɗaga homa, kifi na gabansa, ya kasa saukewa. Ranar Litinin ake karɓar aiki. In homar nan ba ta sauka ba, Yaya zai maimaita shekara, Baba kuma ya riga ya ce gonar albasa ta Augie tana jiran mai zanen gashin baki.

Baiwa ta yafe wa wanda ya ɗaura igiya, amma ta ce a rubuta ba ta manta ba.

Za a naɗe marigayiya cikin tsohon zane, a kai ta makwancinta a saman kabad gobe Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba a gayyaci 'yan gwangwan ba. Zaman makoki a zauren gida ne, kusa da kwamfuta, har zuwa safiyar Litinin. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su kawo goro ko dabino. Kowa ya zo da mahucinsa, ya karɓi wanda hannunsa ya gaji. Allah ya ba da ladan fifita.