Ranar Da Jitar Isuhu Ta Karanta Sanarwa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da kuwa mutanen Illela sun yi mini alfarma sun manta (ba su kuwa yi ba). 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ina da rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Babu lantarki a garin, a garwashi nake gasa ƙarfen dalma. Ni kaɗai ne mai sana'ar tun daga Amarawa har bakin iyaka, kun kuwa san wanda ba shi da abokin gasa, kansa kan yi masa girma.

Akwai abokina Isuhu, mutumin Birnin Konni, tela ne amma jita ce rayuwarsa. Wata ranar kasuwa ya zo da shafi guda da ya yago daga mujallar Turawa, wadda wani direban babbar mota ya bar masa. Zane ne na ɗan akwatin da ake sa wa tsakanin jita da lasifika, in ka taka shi da ƙafa sai muryar jitar ta yi kauri tana gurnani.

"Kana iya wanga?" in ji shi. "Akawun kwastan za shi aure, ya ce in kiɗana ya yi mashi daɗi zai haɗa ni da masu otal a Sakkwato."

Ko duban kirki ban yi wa takardar ba na ce, "Wanga? Ai abincin safe ne."

Direban nan ne ya kawo mana daga Kano allon da ake haɗa irin wannan akwati a kansa. Ɗan allo ne kamar tafin hannu, duk huji-huji, fuskarsa sumul, bayansa kuma layukan jan ƙarfe ne a jere kamar kunyoyin gona. A fuska ake cusa taransista da sauran tarkace, a baya ake ɗiga dalma. A zanen an sa ƙananan alamu inda za a yanke layin jan ƙarfen, don kada wuta ta bi inda ba a aike ta ba. Can ƙasa akwai wani layi na Turanci da ƙananan baƙaƙe. Na dube shi, shi ma ya dube ni, muka rabu lafiya (a aji huɗu na bar elemantare, amma ba na faɗa wa kowa).

Sai na kife allon, na ƙirga huji daga hagu kamar yadda na gani a takarda, na bi da tsinin wuƙa na yanke. Kwana uku ina aiki. Na saka shi a gwangwanin taba, har da fenti ja. Isuhu ya aiko cewa zai ƙetaro da jita mu gwada. Na mayar masa da amsa cewa likita ba ya ɗanɗana allurarsa. Wallahi haka na ce.

Ranar biki aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan ango bayan sallar la'asar. Ga ma'aikatan kwastan na ɓangaren nan da na can, ga 'yan canji, ga dattawan unguwa a kan kujeru. An jona lasifika da batirin mota. Ni kuma na sha babbar riga, na kuma raɗa wa maroƙi cewa in zai ambace ni ya ce "injiniya". Ya kuwa faɗa, har sau uku.

Isuhu ya fara kiɗa ba tare da akwatin ba, kiɗa mai sanyi, har ango ya miƙe abokansa suka kewaye shi. Daidai nan Isuhu ya kalle ni, na gyaɗa masa kai irin na manya, ya taka gwangwanin.

Jita ta yi tsit. Lasifika ta yi ƙara kamar ana soya mai. Sai ga muryar wani mutum, tangaran, cikin natsuwa:

"...saboda haka ana sanar da makiyaya, duk bijimin da ya kai shekara biyu a kawo shi gobe da safe a fiɗiye shi."

Ango yana tsaye a tsakiyar fili, hannu a sama.

Abin da na haɗa ba akwatin gurnani ba ne. Rediyo ne, wayar jitar ta zama eriyarsa, ya kamo shirin manoma da makiyaya. Wani dattijo mai nauyin ji ya ɗaga murya ya ce, "Mi ac ce? Wa za a kai gobe?" Nan fa wuri ya kece da dariya. Wani ɗan canji har ya faɗo daga benci. Isuhu ya rikice yana ta taka gwangwanin, mai sanarwa yana ɓacewa yana dawowa, yana ƙara bayani kan amfanin abin ga lafiyar garke. Na yi tsalle in cire waya, babbar rigar ta harɗe ni, na tafi da lasifikar ƙasa gaba ɗaya.

Ango, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗaga ni. Hawaye yake don dariya. Ya ce, "Injiniya, ka bar ni in kwana biyu tukuna." Isuhu ya ƙarasa kiɗansa da jita zalla, amma ko kallona bai yi ba. Wannan ya fi dariyar ciwo, don na san abin da ya ɗora a kan ranar.

Washegari ina zaune a rumfa na tasa allo da takarda a gaba, sai ga Baba Ɗanjuma, tsohon da ke sassaƙa wa 'yan kasuwa hatimi a gefen tasha. Bai san taransista ba, bai san Turanci ba. Ya juya allon sau biyu, ya ɗaga takardar ya kife ta a hasken rana, zanen ya fito ta baya.

"Ɗana," ya ce, "wanga zane fuska ya nuna maka, kai kuwa ga baya ka yi yanka. In ka kihe abu, hagunsa ta koma dama. Ni da haka nike sassaƙa, da duk sunan da na buga a juye zai hito."

Da na kai wa malamin makaranta ƙaramin layin Turancin, abin da ya karanta mini ke nan, kusan kalma da kalma.

Na sake yankan a sauran allon da ya rage, na ɗauki keke na kai wa Isuhu har Konni. A shagonsa muka gwada, ƙofa a rufe. Jita ta yi gurnanin da har maƙwabcinsa ya leƙo. Isuhu ya ce in zauna a kawo fura. Sakkwato kuwa ya je daga baya, don angon ya ce mutumin da ya iya ƙarasa kiɗa bayan wannan sanarwa babu taron da zai gagare shi.

Tun daga ranar, duk abin da aka kawo mini sai na tambayi ina fuskarsa, ina bayansa. In kuma zan ji kunya, na fi son in ji ta a ɗaki, gaban mutum ɗaya.