Waɗanda Suka Gyara Gaɓa

A ƙasar Bakin Gulbi kowa ya san matsayinsa. Dorinai ke da ruwa da sarauta. Kadoji ke da shari'a, kuma ba a taɓa jin wanda ya ɗaukaka ƙara daga bakinsu ba. Tsuntsaye ke kai saƙo. Masu rami kuwa, wato gafiya da kurege da beguwa, nasu shi ne cikin gaɓar kanta, inda kakanninsu suka haƙa gidaje tun gulbin bai kai haka faɗi ba. Ba a hana su zuwa majalisa. Can baya dai ake ajiye su, inda maganar sarki ke isa amma tasu ba ta fitowa.

Marka gafiya ce, ta manyanta, mijinta Nomau shi ne gwanin gini na unguwarsu. Gidansu yana ƙarƙashin turbar da dorinai ke bi su hau kiwo su sauko. Duk sanda garken ya wuce, ƙasa na zubo musu a ka, Nomau ya tashi ya kwaɓa laka ya liƙe tsagar. Sau uku yana zuwa fada ya roƙi a mayar da turbar wajen duwatsu. Sau uku ana ce masa dutse na cin ƙafar manya.

Wata safiya a tsakiyar damina Marka ta fita tonon aya. Tana cikin fadama ta ji wani irin gunji, kamar aradu ta fito daga ƙasa. Da ta dawo a guje, babu unguwa. Gaɓar ta zabtare cikin ruwa da gida goma sha ɗaya, da rai goma, har da Nomau. Ta yi ta tonon laka har faratanta suka yi jini, ba ta samu ko gashinsa ba.

A cikin wannan zabtarewa ɗan sarki ya gurɗe a ƙafa. Saboda haka aka kira majalisa.

An zauna a gindin tsamiya. Sarki Jatau, dorinar da ta fi kowace girma, ya kwanta rabinsa a ruwa. Alƙali Barmo, tsohon kada, ya jawo jiki gaba.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji shi. "Mun je, mun duba. A cikin ƙasar da ta faɗi mun ƙirga rami goma sha ɗaya. Ƙasa ba ta faɗuwa sai an rarake cikinta. Mafi zurfin ramukan nan na wani ne da ake kira Nomau, wanda aka sani da yawan taɓa ƙasa. Muna yi wa mamatan addu'a, amma gaskiya ba ta mutuwa tare da su. Su suka jawo."

Marka ba ta san ta tashi ba. Ta ratsa tsakanin ƙafafuwan manya har ta iso fili.

"Ranka ya daɗe, ni ce matar Nomau. Ko kwana bakwai bai yi ba. Ramin nan kakansa ne ya haƙa shi, gaɓa ba ta taɓa faɗuwa ba. Ku dubi arewa da mu, ramukan can sun ninka namu, ga ta nan tsaye, domin ba a bi ta kanta. Mijina ba rarake ƙasa yake yi ba, liƙe ta yake yi, kullum, bayan kun wuce. Ban zo neman komai ba. Ku dai cire sunansa daga wannan magana."

Sarki ya yi hamma, kowa ya ga haƙoransa.

"Baiwar Allah," in ji shi, "baƙin ciki ne ke magana a bakinki, ba za mu riƙe ki da shi ba. Ga abin da muka yanke. Masu rami su gyara gaɓa idan rani ya shigo. Su cike tsofaffin ramuka, mu kuma za mu yanka musu sabon wuri daga sama. Ke za ki shugabanci aikin, tun da kin zauna da gwani."

"Sunansa fa, ranka ya daɗe?"

"Za a duba idan aiki ya ƙare," in ji Barmo.

A hanyar komawa Ɗantani kurege, maƙwabcinsu na shekaru, ya tare ta. "Yaya Marka, kin lura ba wanda ya ambaci turba?"

"Na lura."

"To, don me kika karɓa?"

"In ban karɓa ba, haka za a riƙa faɗa wa jikokinmu, Nomau ne ya kashe mutum tara. Bari su ga aikin hannunmu, Ɗantani. Mai ido zai gane."

Ruwa na janyewa suka fara. Beguwoyi suka gaigayo rassan geza aka kafa su jeri biyu a ƙasan gaɓa. Su kurege suka yi ta turo tsakuwa ana zubawa a tsakani. Gafiyoyi suka ɗebo jar ƙasar suri, wadda in ta bushe sai ka ce dutse, suka kwaɓa suka shafe. A sama aka dasa jema layi layi, ciyawar nan mai saiwar da ke nutsewa ƙasa fiye da tsawon kada. Duk yadda Nomau ke yi a ɗakinsu, haka Marka ta koya musu a gaɓa guda. Dorinai kuwa, don kada laka ta ɓata musu ƙafa, suka mayar da turbarsu can gangare, ta unguwar ƙaguwoyi.

Cike ramuka ne ya fi ciwo. Kowa da hannunsa ya toshe ɗakin da aka haife shi. Wata tsohuwar beguwa ta gama toshe nata da azahar, ta kwanta a bakinsa ta ce za ta ɗan huta, ba ta tashi ba. Suka rufe ta a gurin, suka dasa jema a kanta, suka koma aiki, domin bazara ta matso.

Ranar da aka gama, har kifaye sun leƙo kallo. Gaɓa ta tsaya santal, kore shar daga sama. Ranau zalɓe, sankiran sarki, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi shela.

"Ku saurara! An raɗa wa wannan aiki suna Ganuwar Jatau. Majalisa na gode wa duk wanda ya sa hannu. Kuma domin kada wahalar talakawa ta tafi a banza, an hana duk wani mai haƙa rami zama kusa da ganuwa. Za a shinge ta da ƙaya, guzaye za su yi gadi. Sabon wurin da aka yi wa masu rami alkawari, daga sama, shi ne fakon tudu."

Fakon tudu tafiyar wuni ce daga ruwa. Masu rami suka dubi juna, sannan duk suka dubi Marka. Ta ji kallon nan ya fi mata zabtarewar gaɓa nauyi. Duk da haka ta matsa gaban alƙali.

"Allah ya gafarta malam, aiki ya ƙare. Maganar sunan mijina."

"An duba," in ji Barmo. "Majalisa ta yafe masa."

Ba ta yi kuka a nan ba. Sai da suka yi nisa, gulbi ya ɓace a bayansu, sannan ta zauna a tsakiyar hanya ta rushe da shi, ayarin ya tsaya yana jiranta, ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Fako ba ya haƙuwa. Farce ke karyewa kafin a yi zurfin taki ɗaya. Suka raɓa a ƙarƙashin duwatsu, shaho ya gane wurin, ya riƙa zuwa kullum kamar mai gona. Iyayen da aka ɗauke wa 'ya'ya ba su zagi Marka ba. Gaishe ta suke yi da ladabi su wuce, ita kuma ta gwammace zagin.

Damina ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Da kaka ta yi, sai ga Ranau ya sauka a kan fako.

"Albishirinku! Ganuwa ta tsaya, ko tsaga babu."

Wani abu mai kama da daɗi ya motsa a ƙirjin Marka. Aikinsu ya riƙe.

"Majalisa ta ce wannan ya rufe bakin masu gardama," Ranau ya ci gaba. "An kori masu rami, gaɓa ta daina faɗuwa. Sai dai yanzu ta unguwar ƙaguwoyi ce ta tsage. An bincika, an samu ramuka. Sarki na kiranku aiki. Akwai ciyarwa har rani ya fita."

"Kada ki je, Yaya," in ji Ɗantani. Ya rame har haƙarƙarinsa sun fito. "Kin san abin da za a yi musu da hannunmu."

Marka ta dubi waɗanda suka rage. Tun da aka ambaci ciyarwa iyaye mata suka fara tattara 'ya'yansu.

Sun kwana a hanya, suka isa gangare da hantsi. Ga tsagar nan ta bi gaɓa kamar an ja ta da wuƙa, ga sawun dorinai ya dame ƙasar samanta. Wata ƙaguwa mai suna Tabawa ta fito ta tarye su.

"Sannunku da hanya, Inna Marka. An ce ke ce mai aikin. An ce in mun cike ramukanmu za a ba mu wuri daga sama."

Marka ta waiga. Barmo na kwance a ruwa, idonsa ɗaya a waje. Ta sunkuya daidai kunnen Tabawa.

"'Yata, haka aka ce mana. Babu wani wuri. Kuna gamawa za a kore ku."

Tabawa ta tsura wa tsagar ido.

"Mun ji labarinku, Inna. Kowa ya ji. Amma mu ba ma rayuwa nesa da ruwa, kuma ƙananana na cikin ramin can, daidai inda ta tsage. In ba a gyara ba, ba za mu ga wata damina ba. In an gyara, mun samu rani ɗaya." Ta ɗaga kai. "Ta ina ake farawa?"

Marka ta dubi bakin ramin. Sannan ta share fuska, ta nuna mata gindin gaɓa.

"Daga ƙasa," ta ce. "Ku kawo rassa."