Yadda Za Ka Zama Tafintan Sinanci a Faisal Ba Tare da Ka Iya Kalma Ɗaya Ba

Wannan hanya tabbatacciya ce. Mutum ɗaya ya gwada ta a unguwar Faisal ta Alƙahira a wannan shekara ta 2014, ta kuma yi aiki fiye da yadda ya so. Ni ne mutumin.

1. Samo wanda ya raina ka

Nawa Yaya Harun ne, wan matata Rukayya, ɗan kasuwa daga Kano da ya sauka gidanmu yana neman mai raka shi ƙasar Sin sayo kaya. Tun aurenmu yake kirana "ɗalibin da ba ya gamawa". Burinka shi ne ya daina.

2. Fara da ƙwaƙwalwa

Kada ka fara da yaren, za a ce ka yi magana. Ka ce masu bincike sun nuna cewa ɗan Sin yana jin hawa da saukar murya a matsayin ma'ana, galibi da ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, baƙo kuwa waƙa kawai yake ji. Ka ƙara da cewa Hausa ma da karin sauti take aiki, saboda haka Bahaushe ya riga ya ci rabin tafiya. Dafa gefen kanka na hagu. Kada ka ambaci ɗaya rabin, wato kalmomin. Mai ilimi ba ya faɗin komai a zama ɗaya.

3. Tuna inda kake zaune

Ni na manta. A Faisal, 'yan Sin masu talla suna hawan bene suna ƙwanƙwasa ƙofa da jakar kaya a baya. Wata mata daga cikinsu ta iso ƙofarmu muna cin abincin rana.

"To, malam," in ji Yaya Harun, "ga ƙwaƙwalwa ta kawo kanta. Bismillah."

4. Rera

Miƙe murya, ɗaga ta, lanƙwasa ta, sare ta. Karin Sinanci huɗu ke nan, kuma duk na fitar da su. Kalma ce kawai babu.

Matar ta dube ni, ta dubi Yaya Harun, ta dubi jakarta. Sai ta ce da Larabcin Masar: "Tamam! Kamar ɗan garinmu." Ta ɗora mini bargo a hannu, idonta cikin nawa.

5. Sayi bargon

Watan Agusta ne, tsakiyar zafin Masar, amma ladan mai shaida ba shi da lokaci. Matar za ta riƙa dawowa.

"Abban Sabuwa," in ji Rukayya, "sanyi ake yi ne ban sani ba?"

Ka ce mata harkar bincike ce.

6. Karɓi sakamako

Yaya Harun ya koma kirana "Malam Tafinta". Ya sanar da dangi a Kano ta waya, har surukata Inna ta sa albarka. Bayan nan ya kammala mana shirin tafiya.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji shi. "Kai za ka yi magana da masu masana'anta. Ni zan yi shiru."

Gargaɗi: marubucin ba shi da alhakin duk abin da zai biyo bayan mataki na shida, domin shi ma bai gan shi ba tukuna. Mai ƙorafi ya same ni kafin Asabar. Bayan nan ina Guangzhou, kuma ban san yadda ake tambayar hanyar gida ba.