Ranar da Mai Girma Ya Zo Shirya 'Ya'yanmu Shiga Jami'a

Jama'a, yau ko banitsa, burodin cukun da muke karyawa da shi, ban tsaya ci ba na fita. Na roƙi wani abokin aiki ya ja motar bas ɗina, don makarantar su Ralitsa ta aiko wa iyayen 'yan aji goma sha ɗaya cewa wani Babba zai zo daga Sofiya, babban birninmu, ya buɗe ɗakin shirya yara shiga jami'a.

Ralitsa 'yata ce, ita kaɗai gare mu. Likitar dabbobi take son zama tun ranar da akuyar kakarta ta mutu a hannunta. Shekara guda ke nan tana haddar ilimin halittu, ko bikin 'yar gwaggonta ba ta je ba. Sai ga jita-jita wai baɗi da ilimin sinadarai za a tantance masu neman gurbin. Malamai ba su sani ba, shugabar makaranta ma ɗaga kafaɗa ta yi. Na ce to, yau ga mai abin da kansa.

An shafe bangon gaba da fenti. Na baya, inda ruwa ke zuba kan yara, an ce Mai Girma ba zai zagaya can ba. Awa biyu muna tsaye a tsakar gida kafin motoci huɗu su shigo. Ya yanke ƙyalle, muka leƙa: kwamfuta uku sababbi fil, da tukunyar fure. Ya ce matasa su ne gobenmu. Muka tafa, don shugabar makaranta tana kallon hannuwanmu.

Na ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, baɗi halittu za su rubuta ko sinadarai?"

Ya yi murmushi irin na jikin fosta. "Madalla da uba mai kishi! Akwai kwamiti a kai. Za a sanar a kan lokaci."

"Wane lokacin, ranka ya daɗe?"

"Kafin jarrabawa."

Kun ji adalci. Da ya ga dama ai bayan jarrabawa zai ce. Ban ga laifinsa ba, ba dole ne ya san jarrabawarmu ba. Direbansa ya gaya min yaran gidan tun suna ƙanana a ƙasar waje suke karatu.

Ina shan taba a bakin ƙofa sai na ga ƙatti biyu suna fitowa da kwalaye. Kwamfutocin nan ne. Na ce lafiya? Ɗayansu ya ce ƙarfe biyu za a buɗe irin wannan ɗakin a garin gaba. Furen dai sun bar mana, a faɗi gaskiya.

Da na dawo na tarar da maƙwabcina Kawu Marin a kan bencin ƙofar bene. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani ofis kafin ya yi ritaya.

"Tisho, me ya ce maka?"

"Kwamiti, Kawu."

"A'a, ya girmama ka! A zamaninmu idan mutum ya dame mu, cewa muke ya dawo Talata."

"To ranar Talatar fa?"

"Ranar ba ma zuwa aiki."

Na hau sama ina tunanin yadda zan gaya wa yarinyar. Tana teburin kicin, uwarta Tsvetana na yanka barkono a gefe. Tun kafin in buɗe baki ta ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka, a fuskarka na gani. Duka biyun zan karanta."

Na ji daɗi har na fara cika baki cewa jinina ce. Sai na hangi littafi na uku a ƙarƙashin gwiwar hannunta, na koyon Jamusanci.

"Wannan kuma fa?"

"Can ƙasar masu harshen, tun bana jami'o'insu suka rubuta abin da za su tambaya baɗi."

Tsvetana ba ta ɗago ba. Wuƙar ce kawai ta tsaya, sannan ta ci gaba. Ni kuwa da na iya yi wa Mai Girma tambaya a gaban mutum ɗari biyu, sai na bar 'yar shekara sha bakwai da littattafanta, na koma bakin taga na kunna taba.

Ɗazu a rediyo na ji wani Babban, murya na rawa, yana kukan matasa na guduwa daga ƙasa. Ya ce an kafa kwamiti ya gano dalili. Idan suna neman wadda za su tambaya, hawa na huɗu muke, ƙofar hagu. Su dai yi ƙoƙari su iso kafin baɗi, kuma su zo da tafintan Jamusanci.