Yaƙin Mashigin Kwara, da Yadda Madugu Tasi'u Ya Kwana a Bakin Ruwa

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ga tarihin Tasi'u ɗan Ilu, ɗan Barau, ɗan Tanko Mai Jakai, ɗan Madugu Cindo wanda ya kai ayari Gwanja ya komo da goro ko ɗaya bai bushe ba. Zuriyar da ta ratsa dazuzzuka, ta ƙetare koguna, ta yi ciniki da mutanen da ba ta jin harshensu, har Allah ya kawo zamanin da jikanta ya tattara dukkan wannan shaja'a da wannan nasaba ya zuba su a bayan kwalin taliya. Shi ne toron giwar aji, dodon almakashi, mai kwana da gam a aljihu, sadaukin da bai taɓa taka daji ba amma ya san kowane lungu nasa, domin shi ya zana shi da biro.

Fagen da wannan waƙi'a ta auku wani aji ne a saman bene cikin birnin Kano, inda Malama Kubura take koya wa mutane ƙirƙirar wasannin tebur duk ranar Asabar, dangin lido da dara, sai dai kowa nasa zai ƙago. Ɗaliban duk matasa ne, ban da Tasi'u, wanda ya doshi arba'in, furfura ta fara leƙe a gemunsa, ya girme wa kowa har malamar. Yaya Babba suke ce masa. Tun ranar farko Malama ta shelanta cewa wasa ɗaya tak za a zaɓa a ƙarshen zango, a buga shi a maɗaba'a, a kai shi baje koli Abuja tare da mai shi. Kafin jarumin namu ya yanka kwali ko ɗaya ya riga ya sanar da majalisarsu ta ƙofar gida cewa tafiya ta kama shi, ya kuma kai wa tela shadda.

Sunan wasansa Fataken Gwanja. Hanya ce ya zana daga Kano zuwa ƙasar goro, gida-gida, kowane ɗan wasa da marfin kwalbar lemo a matsayin ayarinsa. Ya haramta ƙwayar nan da ake jefawa a lido, wai caca ce, kuma namiji da basirarsa yake tafiya, don haka kowa gida uku zai taka in layi ya zo kansa. A tsakiyar hanya ya shimfiɗa kogin Kwara da jirgin fito guda ɗaya, wanda ya sassaƙa da kwalin ashana. Wanda ya fara isa mashigi shi zai hau, kuma jirgi ba ya dawowa sai da shi da goronsa. Sauran fatake kuwa su zauna a gaɓa suna jan katunan musiba: jakinka ya gurgunce, kura ta cinye guzuri, zazzaɓi ya kwantar da ayari. Sa'an nan, da yake ɗan gidan tarbiyya ne, ya rubuta doka ta farko da manyan baƙaƙe, cewa babba shi ke farawa.

Da lokacin gwaji ya yi, wato lokacin da kowa zai ba 'yan aji wasansa su buga don a gano aibinsa, sai Madugu Tasi'u ya ja daga. Ya gyara hula, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga marfin lemonsa sama kamar mai nuna wa runduna tuta, ya yi kururuwa: "Ayari, a ɗaura kaya!" Ya taka gida uku, aka bi bayansa, ya sake takawa, aka sake bi, ya isa mashigi, ya haye, ya bar bayin Allah a bakin ruwa kuraye na cin guzurinsu. Haka ya yi wannan Asabar, haka ta gaba, haka wadda ta biyo ta, futuhi a kan futuhi, har ya fara tausaya wa yaran zamani da Allah bai ba su kaifin tunani irin na mutanen da ba. Ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa nasara ta manne masa haka ba.

Ƙa'idar aji ce in an gama bugawa Malama ta tambayi kowa me ya gani na gyara. In aka zo kan Fataken Gwanja sai a dubi kwali, a dubi furfura, a sunkuyar da kai, a ce masha Allah, Yaya, wasa ya yi, Allah ya ƙara basira. Zayyanu, wani dogon saurayi mai karatun lissafi, ya taɓa kuskuren buɗe baki ya ce da za a bar wani ya fara ko sau ɗaya a gani. Madugu ya juyo gare shi a hankali, ya yi masa huɗuba a kan lalacewar tarbiyya, da yadda a zamanin Cindo yaro ba ya sa hannu a akushi kafin babba, har Zayyanu ya ba da haƙuri kan laifin da bai san ya yi ba. Ita ma Malama ta ce masa ƙa'ida ita ce mai wasa ya koma gefe ya zuba ido wasu su buga. Ya amsa da cewa ba a taɓa jin madugun da ya tura ayari ya zauna a gida ba. Abokin yayanta ne, tun tana 'yar firamare yake aikenta sayo ƙosai, sai ta haɗiye sauran maganar.

Kada wani ya ce bai yi gyara ba, domin tarihi ba ya zalunci. Ya ƙara wa kogi shuɗi. Ya zana kada a ciki, haƙora a waje. Ya sake rubuta dokoki da rubutu mai lanƙwasa, ya kai aka lulluɓe kwalin da leda mai sheƙi don kada gumin maƙiya ya ɓata shi.

Amma in aka zo kan wasan wani, nan ne takobinsa ke fita kube. Wadda ta fi shan sara ita ce Hansatu, wata 'yar siririya mai ƙaramar murya, da ta ƙago wasan masu adaidaita sahu suna rububin fasinja. Ba kara, ba sakayawa, Madugu ya ce mata wasan ya yi tsawo, dokokin sun cakuɗe, wanda ya samu fasinjan farko ya gama da kowa, to sauran me suka zauna yi? Ta koma gida da jan ido, ta gyara, ta dawo. Ya sake sara, ta sake gyarawa. Haka ya yi ta yi mata har wasan ya zama abin da 'yan aji ke faɗa a kan wa zai buga, shi kuwa yana ganin ya gama da ita.

Ranar hukunci ta gabato. Malama ta ce kowa ya zo da mutum ɗaya daga gida wanda bai taɓa ganin wasansa ba, a buga a gabanta, ta yanke. Madugu ya zauna ya yi shawara da zuciyarsa irin ta manyan mayaƙa, ya auna dangi ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai fi sauƙin kayarwa a bainar jama'a, har basirarsa ta sauka a kan Iya Gambo, mahaifiyar babansa, tsohuwar da idonta ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, kuma ba ta san bambancin lido da faifai ba. Abin da ya manta shi ne, duk faɗin duniya ita kaɗai ce ba ta jin kunyarsa, domin tsakanin kaka da jika sai wasa da tsiya.

Ta hau benen nan tana tsine wa wanda ya gina shi, ta zauna tana haki, ta kwance bakin zane ta ɓantari goro. Aka shimfiɗa kwali, aka jera marafa, Zayyanu da Hansatu suka cika fatake huɗu. Madugu ya karanta dokoki da murya mai amo, ya gyara hula, ya ɗaga marfi sama, ya buɗe baki zai kira ayari. Sai maficin tsohuwa ya sauka a bayan hannunsa.

"Kai, mijin banza, ajiye," in ji Iya Gambo. "Yanzu ba da bakinka ka ce babba ke farawa ba? Ko kai ka haife ni?"

Ya dubi doka ta farko, ga ta nan da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin leda, ba ta kankaruwa. Ya ajiye marfi.

Ya ku masu sauraro, alƙalami yana jin nauyin rubuta abin da ya biyo baya, amma amana ce. Iya Gambo ba ta ma san wanne ne marfinta ba, sai Hansatu ta kama yatsanta ta ɗora a kai. Ta tura gida uku tana tambayar ko a nan ana sayar da man zafi. Madugu ya bi. Ta sake turawa, ya sake bi, yana lissafi, yana cije leɓe, yana neman dabarar da ya saba cin yaƙi da ita, ya lalube ƙwaƙwalwarsa kaf bai same ta ba, domin babu ita tun asali. Tsohuwa ta isa mashigi, aka ɗora ta a kwalin ashana, ta haye. Jikan Cindo ya tsaya a gaɓa, ya miƙa hannu ya ja katin musiba karon farko a rayuwarsa, ya karanta rubutun hannunsa mai lanƙwasa: jakinka ya gurgunce. Ya ja wani, kura ta cinye guzuri. Ya zauna nan tsakanin Zayyanu da Hansatu, ba gaba ba baya, yana jiran jirgin da shi da kansa ya hana dawowa, ya ɗanɗani zaman da ya yi wata da watanni yana ɗora wa mutane, ya ji ashe babu abin da ya kai shi gundura.

"A sake!" ya ce.

Aka sake, ta haye tana ba Malama labarin ciwon gwiwa. Aka kuma sakewa, ta haye tana gyangyaɗi, sai da aka taɓa ta aka ce Iya, kin ci. Nan fa tsohuwa ta wartsake, ta gyara ɗaurin kallabi, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta ce ashe dai tana da kai, boko ne kawai ba a sa ta ba, kuma yaran yanzu sai dai a yi musu addu'a. 'Yan aji suka dubi kwali, suka dubi furfurarta, suka sunkuyar da kai, suka ce masha Allah, Iya, Allah ya ƙara basira.

Wannan kalma ita ta kashe Madugu. Ya san muryar, ya san sunkuyon, ya san kowane harafi, domin da su aka ciyar da shi tun farkon zango. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Ya juya ga Zayyanu, ya tambaye shi ƙasa-ƙasa tun yaushe suka sani.

"Tun ranar farko, Yaya."

"Shi ne ba wanda ya faɗa mini?"

Zayyanu ya sosa ƙeya. "To, Yaya, ai kai ne babba."

Duk da haka jinin madugai bai daskare nan take ba. Ya miƙe ya nemi Malama ta ba shi izinin gyara guda, wanda a cewarsa zai toshe ɓarakar baki ɗaya: a ƙara doka cewa wanda ya haura arba'in ba ya buga wannan wasa. Malama Kubura ta dube shi, kuma a ranar ne ƙosan da ta yi ta sayowa ya ƙare. Ta ce masa, cikin ladabi amma kowa na ji, wasan da aka san mai cinsa tun kafin a zauna ba wasa ba ne, kuma laifin nata ne da na aji da suka bar shi ya kai yau. Sa'an nan ta ɗaga wasan masu adaidaita ta ce shi za shi Abuja. Hansatu ta zo har gabansa ta russuna, ta yi masa godiya da zuciya ɗaya, ta ce ba don shi da yake gaya mata gaskiya ba da wasanta bai kai ko'ina ba. Ya so ƙwarai a ce baƙar magana ce, amma ba ita ba ce.

Shaddar da tela ya ɗinka an sa ta a sunan ɗan maƙwabci. 'Yan majalisa, da yake su ma masu kara ne, ba wanda ya tambaye shi labarin Abuja, abin da ya fi tambayar ciwo. Kwalin kuwa Iya Gambo ta naɗe shi a hammata tun a ajin, ta ce ganimar yaƙi ce, kuma da yake ledar ba ta shan ruwa sai ya zama murfin randarta, kada yana kallon rufin ɗaki.

Duk Juma'a in Tasi'u ɗan Ilu, ɗan Barau, ɗan Tanko Mai Jakai ya je gaishe ta, kafin ya gama tsugunawa ta sa an sauko da kwalin an goge, an zazzago marafan daga gwangwanin goro. Ba ya iya ƙi, kakarsa ce. Kuma ita ke farawa.